Na'urar sassaƙa da ta ƙi bazara: yadda aka zaɓi direba da kwantirola a wani shagon kafinta a Yamai

Shagon da wannan nazari ya shafa yana unguwar Bukoki, ba nisa da kasuwar Katako. Aikinsu ƙofofi ne da gadajen amare da kabad, sai allunan suna na shaguna. Na'urar CNC, wato mai sassaƙa bisa umarnin kwamfuta, da ke bayan shagon ba maigidan ne ya sayo ta ba. Ɗan ƙanwarsa ne, saurayi da ya karanta lantarki, ya haɗa ta don sha'awa, da kuɗin aljihunsa da ɗan abin da kawun ya tallafa. Gangar jikinta bututun ƙarfe ne mai kusurwa huɗu da aka yanko a Katako, maƙwabcinsu mai walda ya haɗa. Filin aikinta santimita 60 da 90. Kowane layi, wato X da Y da Z, sanda mai zare ce ke jansa, irin da ake kira SFU1605, wadda juyi ɗaya ke tura noti milimita 5. Abin yankan kuwa ƙaramin injin sassaƙa ne na hannu, an ɗaure shi a kan Z.

Moter mai taku guda uku ne ke juya sandunan, dukkansu NEMA 23. Wannan suna faɗin fuskar moter kawai yake nunawa, wajen milimita 57, bai ce komai ba game da ƙarfinsa. Abin da ke magana shi ne ƴar takardar da ke manne a jikinsa: digiri 1.8 kowane taku, wato taku 200 a juyi ɗaya, amper 2.8 a kowane naɗi, ohm 0.9, indaktans (wato yadda naɗi ke ƙin sauyin wuta) milihenri 2.5, ƙarfin riƙo N·m 1.26. Kayan lantarkin su ne waɗanda kusan kowane sabon shiga ke farawa da su: ɗan allon kwantirola Arduino Uno ɗauke da manhajar GRBL 1.1, allon CNC Shield V3 a kansa, ƙananan direbobi DRV8825 uku soke a cikin allon, da akwatin wuta mai volt 24.

A Disamba da Janairu na'urar ta yi aiki ba laifi. Ta rubuta allunan shaguna a kan MDF, wato falankin matsattsen garin katako, har maigidan da ke yi mata kallon abin wasan yara ya fara karɓar aiki da sunanta. Da Afrilu ya kama, zafin rana ya haura digiri 40, ƙarƙashin rufin kwano kuma ya fi haka, sai ta sauya hali. Takan fara lafiya, bayan kamar rabin awa layin X ya ɗan tsaya na ƙiftawar ido, ya ci gaba, amma duk zanen da ya biyo baya ya goce gefe. Wata ƙofar jan katako da aka kusa gamawa haka ta lalace: rabin furen yana inda aka zana shi, rabin ya zame da yatsa biyu. Akwai kuma wata cutar daban da ta daɗe: in an tura ta da gudu ba tare da yanka ba, moter ya yi ƙara mai kaifi ya tsaya cak, wani lokacin allon gaba ɗaya ya daskare sai an sake kunna shi.

Da aka kira ni, ra'ayi biyu na tarar. Saurayin ya ce Arduino ne ya gaza, a sayo allon Mach3, wata manhajar sarrafa irin wannan na'ura, a haɗa da kwamfutar tebur. Kawun ya ce moter ɗin ne ƙanana, a sa manya. Kowane daga cikin biyun kuɗi zai ci, kuma babu wanda zai taɓa inda ciwon yake.

Abin da aka tarar

Aiki a irin wannan na'ura kashi uku ne. Kwantirola tana karanta umarnin G-code, wato rubutun da ke faɗin inda bakin yanka zai bi, ta mayar da shi bugu-bugun lantarki: bugu ɗaya taku ɗaya, da wata waya da ke cewa gaba ko baya. Direba ke karɓar wannan bugu mara ƙarfi ya zuba wa naɗin moter wutar da ta dace. Moter kuma ya juya. Abin da ya kamata a riƙe shi ne kwantirola ba ta da ido. Ƙirga bugun da ta aika take yi, ta ɗauka an yi abin da ta ce. In direba ya suma na rabin daƙiƙa, ita ba ta sani ba, lissafinta na tafiya, katako ne ke biyan bashin.

Gwajin farko bai ci ko dala ba. Muka cire bakin yanka, muka ɗaure fensir a gurbinsa, muka shimfiɗa takarda, muka saki aikin ƙofar da ta lalace da tsakar rana. Zanen ya goce kamar yadda ya saba, duk da ba katakon da ake yanka. Wannan ya wanke moter daga zargin rashin ƙarfi, tunda fensir ba ya turjiya. Sai muka buɗe murfin akwatin, muka juyo fankar shago tana hura allon kai tsaye, muka maimaita. Zanen ya rufu daidai, layin ƙarshe ya hau kan na farko.

Kowane DRV8825 yana da ɗan alminiyum mai haƙora a manne a kansa, girman farcen babban yatsa. Na X yatsa ba ya iya sauka a kai. Garin katako ya cike tsakanin haƙoran ya daskare. A gefen ƙwayar direban akwai ɗan mitsitsin sukurun da ake saita wuta da shi. Mita ta nuna volt 1.1 a kansa. A irin waɗannan allunan, masu ƴar resista ta ohm 0.1, iyakar wuta ninki biyu ce ta wannan adadi, wato amper 2.2. Saurayin ya ce da farko a 0.9 yake, da ya ga taku na ɓacewa sai ya ƙara, yana zaton ƙarfi ne ya gaza. Ƙarin ne ya hanzarta suman.

Ƙwayar ba ta yi laifi ba, abin da aka gina ta a kai ta yi. Takardar Texas Instruments ta ba ta amper 2.5 a ƙololuwa, amma da volt 24 da zafin ɗaki digiri 25, da isasshen sanyaya. A kan ɗan allo irin wannan, abin da take ɗauka ba tare da taimako ba wajen amper 1.5 ne, ta kai 2.2 in akwai alminiyum da iska. In cikinta ya kai wajen digiri 160 takan kashe kanta, ta huce, ta dawo. Wannan dawowar ce ke yaudarar mutane, don da za ta mutu gaba ɗaya da tuni an gane. Sanyin hunturu ne ya rufa mata asiri wata biyu.

Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba. Amper 2.2 ɗin nan ƙololuwa ce. Matsakaicin abin da naɗin ke samu shi ne a ninka da 0.707, wato wajen 1.56. Moter yana neman 2.8. Ke nan ko ranar da komai ke tafiya daidai, ɗan fiye da rabin ƙarfin da aka biya kuɗinsa ake samu. Da na yi wa maigidan wannan lissafi a bayan wani guntun falanki, sai ya dubi yaron ya ce: "Wato jaki muka ɗora wa kayan raƙumi, ka zo kana ce mini jakin ba shi da hankali." Yaron ya ce: "Kawu, ai kai ma raƙumin ka ce a ƙara wa girma."

Zaɓin direba

Direba ba daga talla ake zaɓarsa ba, daga takardar moter ake farawa. Tambaya ta farko: zai ba da amper 2.8 matsakaici, awa bayan awa, a ɗaki mai digiri 45, ba tare da ya kai iyakarsa ba? Wannan kaɗai ya fitar da duk ƙananan da ake sokawa a allo. A4988 na kamfanin Allegro bai ma kai DRV8825 ba, wajen amper 1 yake ɗauka in ba sanyaya. TMC2209 na Trinamic, wanda saurayin ya gani ana yabo saboda shirunsa, iyakarsa volt 29 da amper 2, kuma shiru ba shi da daraja kusa da injin sassaƙa da ke toshe kunne. Waɗannan duka nagari ne a gidansu, wato NEMA 17 na firinta mai gina abu ko ƙaramar na'urar lesa.

Tambaya ta biyu ita ce volt, kuma a nan ne na fi daɗewa da saurayin, don tsoron da yake yi na a koma volt 36 yana da tushe. Ohm 0.9 sau amper 2.8 volt 2.5 ne kacal. Yaya za a ba abin da ke neman volt 2.5 volt 36 bai ƙone ba? Amsar ita ce direba ba ya sakar masa wutar haka nan. Kunnawa da kashewa yake yi sau dubbai a daƙiƙa, da zarar amper ya kai inda aka saita ya datse. Amfanin volt mai yawa shi ne sauri. Naɗin waya yana ƙin sauyin wuta, yana ɗaukar lokaci kafin ya cika. A gudun milimita 3000 a minti, sandar nan tana juyi 600 a minti, taku 2000 ke nan a daƙiƙa, kowane taku yana da rabin milisakan. Da volt 24, cika naɗi mai milihenri 2.5 zuwa amper 2.8 yana cin wajen milisakan 0.29, da volt 36, wajen 0.19. Wannan ma ba a sa turjiyar da moter ke haifarwa da kansa in yana gudu ba, wadda ke ƙaruwa da sauri. Shi ya sa moter mai taku ke da ƙarfi a hankali, ya yi laushi a guje.

Masu wannan sana'a suna da wata ƙa'ida da ta fito daga kamfanin Geckodrive na Amurka: iyakar volt ita ce 32 sau tushen murabba'in indaktans a milihenri. Ga namu wajen volt 50 ke nan. Wuce haka zafi ne kawai ba riba. Wannan ƙa'idar ce kuma ta rufe maganar manyan moter, domin yawancin NEMA 34 indaktans ɗinsu ya fi yawa, sai sun sami volt 60 zuwa sama suke gudu, su ja sabon akwatin wuta da manyan direbobi, alhali gangar jikin da aka yi da bututun Katako za ta lanƙwasa tun kafin a ci moriyar ƙarfin.

Saura biyu a fili: akwatunan da ake sayarwa da sunan TB6600, da DM542. Na farkon ya fi araha nesa ba kusa ba, jikinsa a rubuce volt 9 zuwa 42, amper 4. Zai juya moter ɗin, ban musa ba, kuma na ga na'urori da ke rayuwa a kansa. Abin da ya hana ni ba da shawararsa shi ne sunan ba ya tabbatar da abin da ke ciki. TB6600 sunan wata ƙwaya ce ta Toshiba, amma da yawa daga akwatunan da ke ɗauke da sunan, in an buɗe, wata ƙwayar ce daban a ciki, TB67S109, kuma amper 4 ɗin ƙololuwa ce da ba a zama a kanta. Da volt 36 kuma an matso bakin iyakarsa. Ga mai zama inda sabo zai iso ƙofarsa gobe, wannan caca ce mai sauƙi. A Yamai ba haka ba ne. Kayan da aka yi oda daga Sin makonni suke yi, kuma bayan da aka rufe iyakar Benin a 2023 manyan kaya sai da suka riƙa zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Direban da ya ƙone ranar Litinin na iya tsayar da na'ura wata guda. Araha ba ta ado, a nan kuwa har tsada take zama.

DM542, wanda asalinsa na kamfanin Leadshine ne ko da yake masu kwaikwayo sun yi yawa, yana karɓar volt 20 zuwa 50, yana ba da amper 1.0 zuwa 4.2 a ƙololuwa. Gindinsa alminiyum ne, faɗin tafin hannu. Yana da ƙwaƙwalwar kansa da ke kwantar da girgizar da moter ke shiga a matsakaicin gudu. Hanyar shigar umarni kuma a ware take: bugun kwantirola ƴar fitila yake kunnawa a cikin direban, haske ne ke tsallakawa ba waya ba, don haka in ɓangaren volt 36 ya yi ɓarna da wuya ta isa kwamfuta. Wuta da ƙananan makunnai takwas ake saita ta, ba da sukurun da hannu ke rawa a kai ba. Uku na farko na amper ne, kuma teburin da ke jikinsa ya raba ƙololuwa da matsakaici. Mun sa 3.31 ƙololuwa, 2.36 matsakaici, mun bar matakin 2.69 da ke sama da shi da gangan saboda zafin garin. Makunni na huɗu yana rage wuta zuwa rabi in moter yana tsaye, abin da ke da amfani sosai ga Z, wanda rabin ranarsa a tsaye yake. Kuɗin guda ɗaya ya haura na ƙananan direbobi goma. An sayi huɗu, ɗaya na ajiya a cikin leda. DM556 mai amper 5.6 ba a bukace shi ba.

Moter masu ido a bayansu, waɗanda ke ƙirga juyinsu su kai ƙara in sun ɓace, an yi maganarsu an wuce. Suna da kyau, amma sayen sababbin moter uku ne don maganin cutar da direba mai kyau ya riga ya kawar.

Akwatin wuta an ɗauki mai volt 36 da amper kusan 10. Volt 48 ya yi kusa da iyakar 50, moter kuma in yana birki yana mayar da wuta baya, volt ya ɗan haura. Lissafin amper da aka saba shi ne kashi biyu cikin uku na jimillar moter: uku sau 2.8 sau biyu bisa uku, 5.6 ke nan, sauran rarar ta zafi ce. Kowane direba an ja masa wayarsa daga akwatin kai tsaye, ba a ratsa ta wani ba. A gefen irin waɗannan akwatuna akwai makunnin 110 da 220. A duba shi kafin a soka, wutarmu 220 ce.

Gardamar kwantirola

Saurayin bai saki maganar Arduino da sauƙi ba, kuma yana da shaida: daskarewar nan a guje ba zafi ne ya kawo ta ba, ko da asuba tana yi. Dalilin yana ƙarƙashin direbobin. Ya sa duka ukun ƴan maɓallan da ke raba taku ɗaya zuwa ƙananan taku, don ya karanta cewa rabawa na ƙara kyau. A A4988 hakan na ba da ɗaya bisa 16, a DRV8825 ɗaya bisa 32. Juyi ɗaya ya koma bugu 6400, a raba da milimita 5, bugu 1280 kowace milimita. Ƙwayar ATmega328P ta Uno tana tafiya a megahaz 16, GRBL kuma iyakar bugun da yake fitarwa da tsabta wajen 30,000 ne a daƙiƙa. A raba 30,000 da 1280, gudun da zai yiwu wajen milimita 1400 ne a minti. Shi kuma ya rubuta 3000 a $110, saitin iyakar gudun X, wato yana neman bugu 64,000 daga allon da ke iya 30,000.

Da aka sa DM542 a bugu 1600 kowane juyi, lissafin ya koma 320 a milimita, rufin gudu ya tashi zuwa sama da 5600. Me aka rasa? Kowane bugu yanzu wajen milimita 0.003 ne. Ƙofar jan katako tana kumbura fiye da haka ninki ɗari tsakanin hunturu da damina, kowane kafinta ya san ƙofar da ke ƙin rufuwa a Agusta. Rabawar da ta wuce 8 ko 10 santsin tafiya take ƙarawa, ba daidaito ba, domin ƙarfin da ke riƙe kowane ɗan taku raguwa yake yi: wajen kashi 20 cikin ɗari na cikakken ƙarfi a ɗaya bisa 8, ƙasa da kashi 5 a ɗaya bisa 32.

Duk da haka mun duba sauran hanyoyin da gaske. Mach3 tsohon hannu ne, masu shaguna da yawa sun saba da fuskarsa. Amma a asalin tsarinsa kwamfutar ce da kanta ke fitar da bugu ta tsohuwar kafar firinta mai fil 25, sai da Windows mai bit 32, kuma wanda ba a biya ba layi 500 na G-code yake karantawa ya tsaya. Furen ƙofa ɗaya dubban layuka ne. Kwamfutar tebur mai fanka tana shaƙar garin katako, wuta na ɗaukewa tana mutuwa, wannan ƙarin majinyaci ne a shago. LinuxCNC, wanda ya samo asali daga aikin EMC na hukumar NIST a Amurka, kyauta ne kuma ya fi su duka zurfi, amma shi ma kwamfuta ta musamman yake so da mai haƙurin saita ta, ranar da saurayin ya yi tafiya kuwa ba mai taɓa shi.

Wanda ya ja hankalina shi ne manhajar FluidNC a kan ESP32. ESP32 ƙwaya ce mai bit 32, tana ɗaukar layi fiye da uku, tana karanta aiki daga katin ajiya, ana sarrafa ta da wayar hannu, kebul ɗin USB da ke yawan katsewa ya fita daga lissafi. Sai dai fil ɗinta volt 3.3 yake bayarwa, wanda ba kullum yake isar fitilar cikin DM542 ba, sai an sa ƙwayar da ke ɗaga shi zuwa 5 ko an sayi allon da ke da ita. Akwai kuma kwantirola masu zaman kansu, da allon kallo da maɓallai da kafar filas, ba ruwansu da kwamfuta. Ga shagon da yaran aiki za su riƙa amfani da na'ura su ne suka fi dacewa, in aljihu ya kai.

Uno aka bari. GRBL, wanda Simen Svale Skogsrud ɗan Norwe ya fara a 2009, Sonny Jeon ya ci gaba da shi, layi uku yake ja, na'urar kuma layi uku gare ta. In allon ya mutu ana samun wani a gari, a zuba masa manhaja cikin minti kaɗan, a kwafe saitin daga littafi. Umarnin $$ yana jero su duka, mun sa an rubuta su da biro an manna a murfin akwati. CNC Shield aka cire, aka sa allo mai sukurori a gurbinsa, don wayar da aka soka kawai girgiza na zare ta. Fil D2 da D3 da D4 na Uno zuwa PUL+ na direbobi, mashigar bugu, D5 da D6 da D7 zuwa DIR+, mashigar gaba ko baya, ɓangaren ragi duka zuwa GND, ENA aka bar shi ba waya.

Ranar kunnawa moter suka riƙe gam, fitila kore na ci, amma ko motsi. Wasu sababbin samfuran wannan direba suna da ɗan makunni a gefe na zaɓar volt 5 ko 24 ga umarni, kuma a 24 suke fitowa daga masana'anta. Da aka tura shi zuwa 5 suka tashi. Doka ɗaya aka kafa wa duk yaran shago: ba a cire wayar moter wuta na ciki, nan take direba ke mutuwa.

Ɗaukewar wuta

Wannan bai shiga ƙorafin farko ba, amma shi ya fi haɗari. Kwamfutar cinya ce ke aika aiki, ita ke ciyar da Uno ta USB. In wuta ta ɗauke, abin da ba baƙo ba ne a bazara, direbobi da injin yanka su mutu, amma kwamfuta na kan batirinta, Uno na raye, yana ta ƙirga takun da ba wanda ke yi. In wutar ta dawo bayan minti biyu, injin ya tashi da kansa, moter su ɗora daga inda lissafi ya kai ba inda baki yake ba. Ƙofa ce za ta tafi, ko yatsan wanda ya sunkuya yana dubawa.

Maganin kontakta ce mai riƙe kanta, irin ta famfon burtsatse, da maɓalli kore da ja. Wuta na ɗaukewa ta saki, ba ta komawa sai mutum ya danna. Ƙaramin bakinta na gefe an kai shi fil A1, wanda ke sa GRBL ya dakata. An kuma sa makunnan iyaka a layukan uku, masu zama a rufe, da saitin $5 (na irin makunnan) da $22 (na komawa gida) a kan 1, don na'ura ta riƙa komawa gida ta gane kanta. GRBL yana ajiye mafarin aiki, wanda ake kira G54, ko ba wuta, saboda haka bayan komawa gida ana iya ɗorawa daga ƴan layuka kafin inda aka tsaya. A lura, a GRBL 1.1 makunnin Z a D12 yake, D11 na gudun injin yanka ne, saɓanin rubutun da ke kan tsohon CNC Shield.

Makunnan sun zo da tasu fitinar: da injin yanka ya tashi sai ƙararrawar iyaka ta buga ba dalili, tartsatsin gawayinsa ne ke shiga dogayen wayoyin. An sauya su da waya mai riga, an raba hanyarsu da ta moter, an sa kapasita nanofarad 100 a kowane fil. Shagon ba shi da wayar ƙasa ko kaɗan, sai da aka kafa sandar tagulla a bayan gini inda ake alwala, don busasshen rairayi ba ya ɗaukar wuta sosai. Akwatin kayan an ɗaga shi bango, nesa da wurin mai walda saboda garin ƙarfe, da fanka mai tura iska ciki ta bayan soso, yadda ƙura ba za ta samu shiga ta ramuka ba. Ana kakkaɓe soson kowace safiya.

Bayan gyara

An rubuta 320 a $100 da $101 da $102, saitin bugu a kowace milimita, gudun X da Y 3000, na Z 1000, hanzari 200. An aika X milimita 500 aka auna da rula ta ƙarfe, ya faɗa kan layi. Aikin fensir ya rufu da tsakar ranar Mayu, murfi a rufe, fankar shago na kan masu aiki. Gidan direbobi ɗumi kawai yake yi. Moter suna zafi har hannu ba ya daɗewa a kai, wanda ya tayar wa maigidan hankali, amma haka halinsu yake. Damuwa tana farawa ne in jikinsu ya doshi digiri 80.

Abin da ya rage ba na lantarki ba ne. Yanzu da moter suka sami ƙarfinsu ana yanka da zurfi, sai ya bayyana cewa gadar da ke ɗauke da X tana ɗan karkacewa in baki yana aiki a can gefe, domin sanda ɗaya ce a tsakiya ke jan Y. Gyaran shi ne sanda biyu da moter biyu, ɗaya kowane gefe. Direba na huɗu yana nan a leda, akwatin wuta zai ɗauka, tunda huɗu sau 2.8 sau biyu bisa uku wajen amper 7.5 ne. Ana iya haɗa direbobi biyu a fil ɗaya na Uno, amma kowace fitila tana jan wajen miliamper 10, fil ɗin kuma 20 aka so ya tsaya, ga shi ba zai iya daidaita gefen biyu daban-daban lokacin komawa gida ba. Ranar da aka sayi sanda ta biyu, allon ESP32 mai fitar da volt 5 za a saya tare da ita, a kuma yi odar wani direban ajiya.